Taget, Bashi da Kuɗin Mai: Nazarin Lamarin Wani Wakilin Kamfanin Kayan Masarufi a Kano, 2022 zuwa 2025

Wannan nazari ya bi lamarin wani wakilin talla na wani kamfanin kayan masarufi mai hedikwata a Legas, wanda aka ba shi yankin gabashin Kano. An sakaya sunansa, da na kamfanin, da na dilan da yake aiki da shi. Alƙaluman albashi da na katan-katan an kawo su ne a dunƙule a matsayin misali don lissafin ya fito fili. Farashin mai, ranakun manufofin gwamnati da tanadin doka kuwa kamar yadda suke ne.

Tsarin aikin a 2022

Kamfanin yana sayar da madarar gari ta leda, taliya da dunƙulen miya. Ba ya hulɗa da masu shago kai tsaye. Dila ne ke sarar kaya tirela-tirela ya zuba a sito, wakili kuma ya bi shaguna da 'yan tireda ya karɓo oda, motar dila ta kai kayan. Wakilin da ake magana a kansa yana da shaguna 240 a rajista, daga Yankaba da Hotoro da Mariri har Gezawa da Wudil. Ana so ya ziyarci 40 kullum, kwana shida a mako, a kan babur ɗin da kamfani ya ba shi.

Takardar ɗaukarsa aiki ba ta kamfanin ba ce, ta wani kamfanin kwangila ce mai samar wa manyan kamfanoni ma'aikata. Abin da ke shiga asusunsa duk wata naira 85,000 ne, da alawus ɗin mai 15,000. Sauran yana cikin kamasho, kamasho kuma yana rataye da taget: katan 4,000 a wata. Wanda ya cika ya samu 70,000, wanda ya kai kashi 90 cikin 100 ya samu 40,000, wanda ya tsaya a kashi 89 bai samu ko kwabo ba.

Abin da ake ƙirgawa a taget ɗin shi ne katan ɗin da dila ya ɗauka daga kamfani. Abin da ya fita daga siton dila zuwa shaguna, da kuɗin da ya dawo daga shagunan, ba su cikin lissafin kowa sai na dilan. A 2022 wannan bai zama matsala ba, domin adadin biyu suna tafiya kusan tare. Dila yana riƙe da kayan da za su ishe shi kwana 14, babur yana shan kimanin lita 65 a wata, wadda a kan naira 195 ba ta kai 13,000 ba.

Janairu zuwa Mayu 2023: ƙarin taget da ƙarancin takardun kuɗi

A Janairu hedikwata ta ƙara wa kowace shiyya kashi 15 cikin 100, taget ya koma katan 4,600. Ba a duba shiyya-shiyya ba, an raba ƙarin ne bai ɗaya.

A daidai lokacin ne sauyin takardun naira da Babban Bankin Najeriya ya sanar a ranar 26 ga Oktoba 2022 ya fara cizo. Wa'adin tsofaffin kuɗi ya tashi daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma babu su a hannun jama'a, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. A tsakanin nan masu shago ba su da tsabar kuɗi, tiransifa kuma tana maƙalewa. Hanyoyi biyu suka buɗe waɗanda ba a rufe su ba bayan matsalar ta wuce. Ta farko, masu shago suka fara tura kuɗin kaya asusun wakilin na kansa, shi kuma ya tura wa dila da yamma. Ta biyu, manajan shiyya ya ba da izini ta WhatsApp a bar wa amintattun kwastomomi kaya bashi zuwa kasuwa mai zuwa. Babu takardar da mai shago ya sa wa hannu, babu iyakar adadi, ba a kuma faɗi wanda zai ɗauki asara idan ba a biya ba.

Yuni zuwa Disamba 2023: inda lissafin ya wargaje

A ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Cikin kwana biyu lita ta koma naira 540 a Kano, a Yuli kuma ta kai kusan 620. Lita 65 ɗin nan ta tashi daga ƙasa da 13,000 zuwa 35,100, sannan zuwa 40,300. Alawus yana nan a 15,000. Zuwa Wudil kaɗai, tafiyar kusan kilomita 40 daga cikin gari, ya zama abin da wakili zai yi tunani sau biyu kafin ya yi.

A tsakiyar Yuni aka saki farashin naira, dala ta tashi daga kusan 460 ta haura 700, kamfanin, wanda ke shigo da garin madara daga waje, ya shiga ƙara farashi a kai a kai. Mai shagon da ke sarar katan biyar ya koma uku, domin jarinsa bai ƙaru ba. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli da rufe iyakar da ya biyo baya. Dilan yana da 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ke ɗaukar wani kaso na kayansa, wannan ƙofa ta toshe. Abin da shagunan yankin wakilin ke iya sha ya sauka zuwa kimanin katan 3,400 a wata.

A nan ne jibge kaya ya zama al'ada. Kwana uku kafin ƙarshen wata manaja zai kira dila: Alhaji, a taimaka a ɗauki ƙarin mota ɗaya, akwai ragin kashi 3, kuɗi kuma sai bayan kwana 21. Dila yakan amsa, domin a lokacin da farashi ke tashi kusan kowane wata, wanda ya cika sito yau gobe ya ci riba ba tare da ya motsa ba. Wannan ribar ce ta ɓoye cutar na tsawon watanni. Amma idan kwana 21 ta cika dole kuɗi su fito, hanya mafi sauri kuma ita ce a ɗora katan 500 a mota a kai Kasuwar Singa a karya farashi. Masu shagon Wudil da Gezawa suna zuwa Singa sari duk mako. Sukan tarar da kayan kamfanin a ƙasa da farashin da wakilin kamfanin ke kawo musu har ƙofar shago. Ranar da ya zo karɓar oda sai su nuna masa katan ɗin a jibge, su faɗa masa nawa suka saya. Cinikin shaguna ya ƙara sauka, giɓin ƙarshen wata ya ƙara faɗi, aka ƙara jibgewa.

Shi ma wakilin ya ci moriyar wannan hanya: a cikin wata shida na ƙarshen 2023 ya samu kamasho sau biyu, duka biyun a watannin da aka loda wa dilansa kaya. Sauran watannin manaja ya loda wa wasu dilolin da suka fi ƙarfin jari, domin shi abin da ake tambayarsa jimillar shiyya ce.

A Nuwamba dila ya kawo jerin basussuka: naira 410,000 a hannun shaguna 17. Wasu sun rufe, wasu sun ce sun biya ta asusun wakili, wasu suna ta sai mako mai zuwa. Kamfanin kwangila ya fara cire masa 30,000 duk wata. Lissafin watan ya zama haka: 100,000 ta albashi da alawus, a cire 30,000 ta bashi, 40,000 ta mai, 6,000 ta data da kira, saura 24,000.

Matakan da hukumar kamfani ta ɗauka, Satumba 2023 zuwa Yuli 2024

Hedikwata ta karanta saukar ciniki a matsayin lalacin ma'aikata, matakanta kuma suka bi wannan fahimta.

Na farko shi ne taron safe. Kullum ƙarfe 7:30 wakilai tara na shiyyar za su hallara, kowa ya faɗi adadin jiya a gaban 'yan uwansa, a tashi wajen 9:30. Bayan haka rahoto ta WhatsApp duk bayan awa biyu. Kafin taron, wanda ya fita 8:30 ya tashi 5:00 yana da minti 510. Idan aka cire 150 na hanya da 45 na salla da abinci, kowane shago cikin 40 ɗin yana samun kusan minti takwas. Bayan taron ya koma minti shida. A minti shida ana iya gaisawa a rubuta oda. Ba a iya duba kanta, a ciro kayan da wa'adinsu ya kusa, a jira mai shago ya sallami mutane uku kafin a yi maganar bashi. Maganar bashin ce aka fara yadawa.

Na biyu manhaja ce a waya mai nuna inda wakili yake, wadda ke buƙatar hoton kowane shago. A wata na biyu rahoton ziyara ya kai kashi 97 cikin 100, ciniki bai motsa ba. Wakilai sun koyi tsayawa a bakin shago su ɗauki hoto su wuce, sun kuma fi zagaya layukan da shaguna ke jere da juna a Hotoro da Yankaba, inda ake cika 40 da lita ɗaya. Kuɗin datar da manhajar ke ci daga aljihunsu yake fita.

Na uku garaɓasa ce gab da azumin 2024, wanda ya kama 11 ga Maris: a sayi katan goma a samu ɗaya kyauta. An ba da kyautar ta hannun dila. Manyan 'yan sari suka kwashe, suka raba darajar katan ɗin kyautar a kan sauran goman, farashin Singa ya ƙara sauka. Ɗan tiredan da ke sayen katan biyu bai san an yi ba.

Na huɗu takardun tuhuma da kora. Cikin wata takwas, biyar daga cikin wakilai tara sun tafi, uku da kansu, biyu an sallame su. Sabon wakili yana ɗaukar kusan wata uku kafin ya san wa ke biya wa ke ja, bashin da aka bayar da baki kuma yakan tafi tare da wanda ya bayar da shi.

Abin da wakilin ya gwada

A Janairu 2024 ya rubuta wa sashen kula da ma'aikata na kamfanin yana neman a duba alawus da cirar da ake yi masa. Amsar ita ce shi ba ma'aikacinsu ba ne, ya tuntuɓi kamfanin kwangila. Kamfanin kwangila ya ce umarnin cirar daga shiyya ya zo.

Ya nemi shawarar lauya. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 5, ta hana cin tarar ma'aikaci daga albashi, ta ce ba a cire masa kuɗin asarar da ya jawo sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, ta kuma ce jimillar abin da ake cirewa a wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin. Kashi ɗaya bisa uku na 85,000 bai kai 30,000 ba. Sai dai sashe na 91 na dokar, inda aka fayyace wane ne ma'aikaci, ya fitar da wakilai da masu yawon tallan kamfani matuƙar aikinsu a wajen harabar kamfanin suke yi. Abin da ya rage masa shi ne takardar ɗaukarsa aiki, wadda ba ta ambaci cire bashin kwastoma ba, da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'ar rashin adalci a wajen aiki. Lauyan ya ce hujjarsa tana da ƙarfi, amma shari'a tana cin lokaci, da wuya kuma ya ci gaba da aikin bayan ya shigar da ƙara. Bai shigar ba.

Abu biyu ya yi da suka rage a hannunsa. Daga Fabrairu ya daina karɓar kuɗin kaya a asusunsa, ko da hakan zai sa ya rasa oda. Ya kuma karɓo bayanan asusunsa na shekara guda daga banki, ya sayi littafi ya rubuta kowane bashi: rana, shago, yawan katan, wanda ya ba da izini, tare da hoton saƙon WhatsApp ɗin da aka ba da izinin a ciki. Ya ajiye kwafi a wani wuri daban da wayar aiki. A lokacin babu wanda ya nemi ganin littafin.

Agusta zuwa Satumba 2024: binciken sito

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta fara 1 ga Agusta, gwamnatin Kano ta sa dokar hana fita, kasuwanni suka rufe na kwanaki. Dila ya kasa biyan kuɗin motar da aka loda masa a ƙarshen Yuli. Rashin biyan ne ya sa hedikwata ta turo masu binciken kuɗi a Satumba, ba koken ma'aikata ba.

Sun ƙirga katan 6,000 a sito. Shaguna suna shan kimanin 110 a rana, wato kayan kwana 55 ke nan a inda ya kamata a ga na kwana 14. Wani kaso na madarar saura ƙasa da wata uku wa'adinta ya ƙare, domin sababbin kaya ake jerawa a gaba, tsofaffi suna can ƙurya. Da suka jera ranakun ɗaukar kaya na wata 14, fiye da kashi ɗaya bisa uku na kowane wata ya faɗo ne a kwana ukun ƙarshe.

A maganar bashi, littafin wakilin kaɗai ne rubutaccen bayanin da aka samu a shiyyar. Daga cikin 410,000, naira 260,000 tana da izinin manaja a rubuce. An karɓo 90,000 daga shagunan da ke nan. Saura 60,000 babu wata shaida a kanta, aka bar masa ita. An riga an cire masa 330,000 a wata 11.

Oktoba 2024 zuwa Fabrairu 2025: sabon tsari

An sauya manajan shiyya, aka gwada sabon tsari a Kano kaɗai. Taget ya koma kan abin da ya fita daga sito zuwa shaguna, katan 3,500, ana tabbatarwa da rasit ɗin dila da ƙirgar sito duk ranar Asabar. An hana dila ɗaukar sabon kaya idan na hannunsa ya wuce na kwana 21, aka kuma soke ragin ƙarshen wata. Kamasho ya fara daga kashi 70 cikin 100 yana hawa da kaɗan-kaɗan, an kasa shi uku: rabi a kan ciniki, kashi 30 a kan kuɗin da aka karɓo cikin kwana 14, kashi 20 a kan yawan shagunan da suka yi oda a watan.

Alawus ɗin mai ya koma lita 65 a farashin ranar biya. A watan da aka fara, lita ta haura naira 1,000, ke nan da an bar shi a 15,000 da ba zai sayi lita 15 ba. An tace rajistar shaguna daga 240 zuwa 168, bayan an cire waɗanda suka rufe da waɗanda aka rubuta sau biyu, ziyara ta koma 28 a rana. An daidaita zagayen da ranakun kasuwa, Wudil ranar Juma'a, Larabar Abasawa ranar Laraba, lokacin da masu shago ke da kuɗi a hannu. Taron safe ya koma Litinin kaɗai. Bashi ya koma tsakanin dila da mai shago, a rubuce, da iyakar katan biyar, ba a ƙara wani sai an biya na baya. Kuɗi kuma asusun dila kawai.

A Oktoba da Nuwamba abin da kamfani ya sayar wa dilan ya faɗi da kusan kashi ɗaya bisa uku, domin yana sauke tsohon kaya ne. A takardun hedikwata wannan ya fito a matsayin mafi munin watanni biyu na shiyyar, har aka yi maganar komawa tsohon tsari. Abin da ya hana shi ne rahoton ƙirgar Asabar, wanda ya nuna kaya suna fita zuwa shaguna fiye da da. Zuwa Disamba giɓin farashi tsakanin Singa da hannun wakili ya kusa rufewa. A Fabrairu 2025 cinikin shaguna ya kai katan 3,700, kayan sito sun tsaya a na kwana 20, bashin da ya wuce wa'adi bai kai 100,000 ba. Wakilin ya samu kamasho a wata huɗu cikin biyar. An mayar masa da 270,000 a kashi uku. Babu wakilin da ya ajiye aiki a wannan tsakani.

Hukunci

Ba duk farfaɗowar ba ce za a jingina wa sabon tsari. Najeriya ta buɗe iyakarta da Nijar tun Maris 2024, naira ta ɗan natsu a farkon 2025, Fabrairu kuma watan sarin azumi ne, tunda azumin ya kama 1 ga Maris. Amma saukar kayan sito daga kwana 55 zuwa 20 da raguwar bashi ba daga kasuwa suka zo ba. Sun zo ne daga sauya abin da ake ƙirgawa.

Matakai huɗun farko sun gaza ne saboda dukkansu sun ƙara matsi a kan mutumin da ba shi da iko a kan farashi, ko ragi, ko adadin da ake loda wa dila. Taron safe da manhaja sun auna ƙafar wakili, alhali matsalar tana cikin sito. Tsarin kamashon da ke ba da 40,000 a kashi 90 ya hana komai a kashi 89 shi ne ya sa jibge kaya ya zama abin da kowa ke so a ƙarshen wata, har da wakilin da abin ke cutarwa. Barin alawus a naira 15,000 bayan mai ya ninka sau uku kuwa rage albashi ne da ba a rubuta ba, kuma shagunan nesa ne suka biya, domin su aka daina zuwa.

Wakilin yana da nasa kason. Ya shekara yana karɓar kuɗin kaya a asusunsa, ya kuma bayar da bashin 60,000 da babu wanda ya ba shi izini. Manajan da aka sauya shi ma ɗaukar Dala ba gammo aka ɗora masa, ƙarin kashi 15 a shekarar da kasuwa ke ƙanƙancewa. Waɗanda suka yanke wannan adadi a hedikwata binciken bai taɓa su ba, hanyar da ake bi wajen yanke taget na shekara kuma ba ta sauya ba.

Abubuwa uku suna nan yadda suke har lokacin da aka rufe wannan nazari. Wakilin yana ƙarƙashin kamfanin kwangila, don haka ba shi da ƙofar da zai kai koke a kamfanin da yake sayar wa kaya. Albashinsa bai motsa daga 85,000 ba, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yuli 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS), abin da ke nufin 270,000 ɗin da aka mayar masa ba ta sayen abin da za ta saya lokacin da aka cire ta. Sabon tsarin kansa yana cikin wasiƙar cikin gida ce da sabon manaja ya sa wa hannu, ba a shigar da shi cikin takardar aikin kowane wakili ba.